Yadda Sunan Jikana Ya Tsallake Katanga

Ni dai tun da aka ja kuran, wato wutar lantarki, zuwa unguwarmu nan Matameye hankalina bai ƙara kwanciya ba, domin a ranar ne maigidana ya gano cewa shi teknisiyan ne. Asalin sana'arsa sayar da buhunan wofi ce a kasuwa. Amma akwai shekarar da ya yi sati uku a Damagaram yana riƙe wa wani mai kafa eriya tsani, to daga nan ne abin ya kama shi. Rediyo uku ya buɗe a gidan nan, har yau babu wadda ta sake magana. Fankar ɗakina da ya gyara tana juyawa lafiya lau, sai dai bango take yi wa fifita.

Ƴata Najaha ta zo gida haihuwar fari. Ranar Asabar da hantsi Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Mijinta Ɗahiru yana Aljeriya wajen aikin gini, can cikin daji bayan Tamanrasat, inda sai ya yi sati biyu wayarsa ba ta ga rezo ba, wato sabis. Da labari ya kai masa sai ya shigo gari, ya ɗauki kansa a bidiyo yana faɗin sunan da ya zaɓa wa yaron, ya turo wa maigidan nawa, Malam, a waya. Sannan ya kira, ina zaune ina ji.

"Baba, amana ce. Kada kowa ya buɗe, har ku. Sai mahaifina ya zo ya zauna, liman ya zauna, sannan a kunna. Kun san halin Alhaji. In ya ji wani ya riga shi jin sunan jikansa, cewa zai yi an raina shi."

Mun sani kuwa. Alhaji Cha'ibu, surukin Najaha, a wani ƙauye bayan Yauri ta nan ƙasarmu Kance yake. Ranar ɗaurin aurenta an miƙa wa wani goro kafin a miƙa masa, sai da muka yi wata huɗu muna aika dattawa kafin ya sake amsa gaisuwarmu. Kuma gidansa ne ƴata za ta koma in ta yi arba'in, ta zauna a ƙarƙashinsa, ba miji kusa. Saboda haka na ce:

"Malam, abin mai sauƙi ne. Ka sa wayar nan a adaka. Ran suna ka ciro ka miƙa wa Alhaji ya saurara."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"In miƙa masa a hannu? Fadima, a gidan teknisiyan?"

"To a ina za ka miƙa masa?"

"Zauna ki ji. Tele ɗaya a zaure wajen maza. Tele ɗaya a ɗakin mai jego wajen mata. Lasifika a ƙofar gida. Duka zan haɗa su a rezo guda, ba igiya tsakaninsu. In danna sau ɗaya a wayata, Ɗahiru ya bayyana ko'ina, maza su ji, mata su ji, a numfashi guda. Ba a taɓa yi ba a garin nan."

"Malam, abin da ba a taɓa yi ba shi nake tsoro."

"Ke komai tsoro kike."

Ran Litinin ya dawo daga tasha da wani farin akwati mai ƙaho biyu, wai shi ne uwar rezo, da wasu ƴan abubuwa kamar yatsa da ake sokawa a bayan tele. Bai gama kwance kwali ba sai ga Kabiru sanƙira ya yi sallama. Shi ne mai shelar suna a unguwarmu. Da liman ya faɗi suna a waje, shi ke rugowa ƙofar cikin gida ya kwarara wa mata, mu yi guɗa, a ba shi goro da abin da ya samu. Shekara talatin yana yi.

"Malam Inusa, barka da arziki. An ce ka sayo abin da zai tare mini bakin tuwo."

"Zamani ne, Kabiru. Ka huta da gudu."

"Akwatin naka ya san kakan yaron? Ya san wanda ya haƙa rijiyar gidansu?"

"Duk abin da na zuba masa ya sani."

"Yana cin goro?"

"Ba ya ci."

"To me ya kawo shi wajen suna?"

"Kai dai ka zo ran Asabar, zan ajiye maka kujera a gaba."

"Zan zo da bakina," in ji Kabiru, "ko da za a neme shi."

Ran Talata aka yi gwaji. Ɗakin Najaha cike da mata ƴan barka, har da matar liman. Malam ya zaɓi bidiyon kokawa a wayarsa ya danna. Hoto ya fito a zaure shiru kamar kurame ke kokawa. Murya kuwa ta faɗo ɗakin mai jego da iyakar ƙarfinta, ganga da ihun mutum dubu. Jariri ya canyara kuka, Najaha ta ɓarar da kunun kanwa a zanenta, wata tsohuwa ta yi waje ba takalmi tana salati.

Na ruga zaure. "Malam! Za ka kashe mini jika!"

"Ƙaramin abu ne, sun yi musaya."

Ya danna wani wuri. Murya ta koma zaure. Na sauke numfashi na dawo ɗaki, sai na tarar da ƙarti biyu daga su sai ɗan wando sun cika bango, sun rungumi juna suna gumi a gaban matar liman. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ɗaya idon dai yana kallo.

"Fadima, wannan ne maganin da ake ba mai jego yanzu?"

Da na kai wa Malam ƙara, cewa ya yi: "Ɗazu murya ta iso, yanzu hoto ya iso. Ki haɗa biyun mana. Me ya rage?"

Ran Laraba abin ya fita daga gidanmu. Maƙwabciyarmu Hajiya Badariyya, wadda katanga ɗaya ta raba mu, makitsiya ce, kuma ɗanta ya aiko mata da sabuwar tele daga Yamai. Malam ya ce sai ya nuna mata rezonsa yana ratsa bango. Ya je ya haɗa tata. Yana dawowa Yunus tela na bakin layi ya ce shi bai yarda zai kai shagonsa ba. Malam ya je ya haɗa tasa ma, don kawai ya ƙaryata shi. Da ya nuna mini wayar, sai ga tele huɗu a jere, kowace da wasu baƙaƙe da lambobi kusan iri ɗaya.

"Ta yaya kake gane tamu?"

"Teknisiyan da ido yake ganewa."

"Malam, bidiyon yaron nan fa yana cikin wayar."

"Ban taɓa shi ba, ba zan taɓa ba. Ni da amana ba a yi mini tuni."

Wannan kam gaskiyarsa ce, bai buɗe ba. Amma da la'asar na gan shi tsaye gaban telen zaure yana danna waya, tele baƙa ƙirin. Ya tura hoto ɗaya, bai fito ba. Ya ce ƙila ɗaya ya yi mata kaɗan, bari ya zaɓi duka ya tura. Shiru. Ya sauya zuwa wata lambar a jerin, ya sake tura duka. Shiru. Ya mari telen, ya ɗaga wayar sama, ya hau turmi. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji wata ta rangaɗa guɗa a bayan katanga, sai kuma ta yanke tsakiya kamar an toshe mata baki. Na ce ko wata aka yi wa albishir.

Washegari da sassafe Hajiya Badariyya ta shigo, ta ja hannuna zuwa madafa, ta leƙa hagu ta leƙa dama.

"Fadima, barka da takwara."

"Wace takwara?"

"Jiya ina kitson suna, mata goma sha ɗaya a ɗaki, sai telena ta kunna kanta. Muka ga ragon suna ta gaba, muka gan shi ta baya. Muka ga Malam yana koyon jawabi a banɗaki. Sai ga Ɗahiru."

Na dafa bango. "Kun kashe dai?"

"Hannuna duk man kitso, wa zai kashe? Kuma yaron ya yi kyau, ya yi ƙiba."

"Hajiya, ya faɗa?"

"Sau biyu. Yunus ma ya ce shagonsa ya iso, suna shan shayi su tara."

"Sunan wa ya sa?"

Ta matso kunnena tana danne dariya. "Sunan da ba kya faɗa."

Sai ga ni zaune a kan murhu, Allah ya sa ba wuta. Ɗahiru ya tsallake sunan ubansa ya sa na surukinsa, kuma maganar daga gidanmu ta fita, kwana uku kafin suna. Duk wanda ya ji cewa zai yi mu muka juya yaron, har muka kasa haƙuri muka yi shela. Na hango Alhaji Cha'ibu yana kakkaɓe rigarsa yana tashi daga kan tabarma, na hango Najaha a gidansa ba mai yi mata magana.

Na yafa mayafi na bi gidaje. Goma sha ɗaya na lissafa, da shagon tela. Gida na farko matar ta dafa ƙirji.

"Wallahi Fadima ban gaya wa kowa ba. Sai yayata, ita kuwa kamar rijiya ce."

Na je wajen yayar. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba, sai mijinta da mai kawo mata nono. Kafin azahar gidajena sun zama ashirin da shida. Ina roƙon Allah da Annabi, kowa yana rantse mini, kowa yana ƙara mini gida biyu. Yunus tela ya ce shi bakinsa a ɗinke yake, sannan ya tambaye ni ko ya ɗinka wa kakan da jikan hula iri ɗaya. A kan hanyar dawowa na yi kiciɓis da Kabiru sanƙira a gindin bishiyar bedi, yana motsa baki shi kaɗai.

"Kabiru, kai ma?"

"Uwargida, ni har na gama haɗa kirari. Gyara nake."

"Don Allah ka rufa mini asiri. Ran Asabar ka yi kamar ba ka taɓa ji ba."

"Bakina ne gonata, kin ce in bar ta ba shuka. To na ɗaure shi. Sai kin ce in kwance."

Malam kam ban gaya masa ba. Mutumin da ya yi shelar gyaran fanka, in ya ji sunansa aka sa, ai saman soro zai hau. Shi kuwa duk inda ya bi sai a yi ta gaishe shi ana murmushi, wasu har da jinjina. Ya dawo yana taku ɗai-ɗai.

"Kin ga yadda gari ya fara gane ilimi? Mai nama har ƙari ya yi mini."

Ran Juma'a na tsare shi, na ce ba zan ci ba zan sha ba sai ya raba bidiyon nan da wayar da yake dannawa. Da ya gaji da ni sai ya kwashe shi zuwa wani ɗan abin ajiya da ke manne a jikin akwatin, ya goge na wayar a gabana.

"Shi ke nan? Yanzu ko ni ba na iya kai masa sai ta rezo. Ki je ki ci abinci."

Na ci loma biyu.

Asabar, gari na wayewa, mota biyu ta sauke mutanen Alhaji. Ƙauyensu ba kuran, don haka kowa ya sauko da ƴar leda cike da wayoyi, tasa da ta matarsa da ta maƙwabta, a yi musu caji. Kafin a gama gaisawa sun gano doguwar igiyar kuran mai baki shida da Malam ya ja zuwa lungun zaure ya soka akwatin, sun cika ta, sun jona wata a jikinta ita ma sun kusa cikawa. Malam bai lura ba, yana can yana gyara zaman babbar riga.

Aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Aka fara miƙa wa Alhaji goro, ni da kaina na ja kunnen mai rabo. Liman ya zauna. Mahauci ya riƙe rago, wanzami ya buɗe zabira. Ni kuma na laɓe a bayan labulen ƙofar zaure ta ciki.

Malam ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau za ku ga abin da ko a Damagaram sai gidan wane da wane. Mahaifin yaro yana Aljeriya, amma yanzu zai shigo zauren nan, ya shiga ɗakin mata, ya fita titi, duk a lokaci guda. Kabiru, ka zauna da kyau?"

"Na zauna, Malam Inusa. Bakina ma yana zaune."

Ya danna. Wallahi abin ya yi. Ɗahiru ya fito a zaure, na waiga na hango shi a ɗakin Najaha, muryarsa tana tashi a titi. Ya gaida mahaifinsa, ya gaida liman, ya gaida mu. Alhaji ya gyara zama yana gyaɗa kai.

"Sunan da na zaɓa wa yaron nan, da yardar Allah, shi ne..."

Ɗif. Tele biyu suka yi baƙi.

Malam ya waiga lungu. Wani ƙanen Alhaji yana tsugune, ya zare filogin akwatin ya soka cajarsa.

"Kai! Me ka cire?"

"Wannan mai ƙahon ne. Na ga tun ɗazu ba ya cajin komai, ya tare wuri."

"Mayar!"

"Tawa ta mutu tun shekaranjiya. Cire ta wani."

Malam ya kai hannu zai zare wata, mai ita ya ce ta surukarsa ce. Ya kai ga wata, aka ce ta mai gari ce. Baki ɗaya ya rage a can ƙarshe, matsattse, ƙaton filogin akwatin ya ƙi shiga tsakanin cajoji. Mutane sun fara ƙus-ƙus. Sai Malam ya juya wajen wanzami.

"Ara mini aska."

"Ta aski ce fa."

"Yanzu zan dawo da ita."

Ya datse igiyar akwatin, ya jefar da ƙaton filogin gefe. "Wannan ƙullutun nauyi ne kawai, don su ƙara kuɗi suke sa shi." Ya fere bakin wayoyin biyu da ke cikin igiyar, ya soka su tsirara a ramin, ya danne da tsinken ashana.

Tau! Wani shuɗin haske ya tashi, hayaƙi ya biyo ta ƙahonnin. Ragon ya fizge ya ja mahauci taku uku. Mutanen Yauri suka yi kan wayoyinsu kamar an ce gobara. Zaure ya cika da warin roba.

Da ƙura ta lafa Alhaji Cha'ibu ya miƙa hannu, a natse.

"Ba komai, Malam Inusa. Ba ni wayar in saurara."

Malam ya ce: "Ai... na fitar da shi daga wayar, Alhaji. Saboda tsaro."

"Yana ina?"

Malam ya nuna akwatin. Ɗan abin ajiyar ya narke ya lanƙwashe a jikinsa.

Aka kira Ɗahiru sau biyar, wata mata tana amsawa da Larabci wai ba a samunsa. Liman ya dubi rana ya ce hantsi yana yi, kuma ba a yanka rago ba suna. Malam ya share gumi, ya ɗaga murya:

"Jama'a, ku dai shaida, na riƙe amana. Duk faɗin duniyar nan babu wanda ya san sunan yaron nan, daga Ɗahiru sai wannan akwati!"

Mutum sama da ɗari, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma. Yunus tela ya cusa hularsa a baki. A bayana mata sun toshe bakuna da gefen zane, kafaɗu suna rawa. Kabiru ya kumbura kamar zai fashe, ya zuba wa labulena ido. In na ce ya kwance, asirinmu ya tonu gaban Alhaji. In na yi shiru, jikana ya wuni ba suna. Na girgiza masa kai. Na gyaɗa. Na sake girgizawa.

Sai na ga Alhaji ya karkata ya yi wa liman raɗa. Liman ko mamaki bai yi ba. Ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa, ya ce:

"Yaro ya ci suna Inusa. Allah ya raya."

"Amin!" Tun kafin ya rufe baki aka amsa.

Malam ya tsaya da aska a hannu. "Wane Inusa?"

"Kai mana," in ji Alhaji.

"Wa... wa ya gaya maka?"

"Ran Alhamis direban da ke kawo mana ƙanƙara ya faɗa mini. Da la'asar mai gyaran keke ya ƙara mini. Jiya uwargidana ta jiyo a bakin rijiya, har da kalar rigar da Ɗahiru ya sa."

"Ni a masallaci na ji," in ji liman.

Na ɗage gefen labule na leƙa. Alhaji ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Ba zan ɓoye ba, na yi fushi. Na rantse ba zan tako garin nan ba. Sunan bai dame ni ba, Cha'ibu huɗu gare ni a gida, in na kira ɗaya duka suke zuwa. Riga ni da aka yi shi ya ƙona mini rai. Sai direban ya ce mini, Alhaji, ai akwai mutum ɗaya a ƙasar Kance da har yanzu bai ji ba, kuma a aljihunsa sunan yake kwana. Na ce wallahi ko a ƙafa ne sai na je na ga wannan mutum da idona."

Wurin ya fashe. Alhaji da kansa ya yi ta dariya har hularsa ta faɗo cinyarsa. Kabiru ya daka tsalle, bai ko jira ni ba.

"Wanda bai sani ba kafin yau ya ɗaga hannu! Ɗaga mana, Malam Inusa, kada ka ji kunya, kai kaɗai ne!"

Ya rugo ƙofar cikin gida ya kwarara sunan da kirarinsa, mata suka saki guɗar da suka riƙe kwana uku, har kaji suka watse. Alhaji ya aiko a ce wa Najaha ta yi wankanta a natse, ɗakinta yana nan an shafe shi da sabuwar ƙasa. A lokacin ne na ji yunwa ta kama ni.

Malam yana nan tsaye, hayaƙi bai gama fita daga akwatinsa ba. Ya dubi akwatin, ya dubi Alhaji. Sai na ga ya fara gyara wuyan riga.

"Alhaji, tsaya. Ka ce tun Alhamis ya iso ƙauyenku?"

"Tun Alhamis."

"Da kalar riga?"

"Da kalar riga."

Ya juya ga jama'a, ya ɗaga askar wanzami sama.

"To kun ji da kunnenku! Wanda ya sayar mini da akwatin nan cewa ya yi, taku talatin kawai yake kaiwa. Ni na haɗa shi da hannuna, ya kai har bayan Yauri!"